Na'urar da Ke Tsayawa a Ƙofar Baba

Kafin ku ci gaba da yi mini faɗa a ƙasan rubutun nan, ku bari in gaya muku yadda makon jiya ya ƙare. Wata a cikinku ta rubuto cewa ba ni da zuciya, wai da ita ce ta samu mai sonta irin Injiniya da tuni an wuce wurin. Ban ji haushinta ba. Wata takwas ke nan ban ji haushin kowa ba, daɗin kowa ma ban ji ba. Tun da Umma ta rasu, abin da na sani shi ne in tashi, in yi wanka, in ɗora farar rigar aiki a kan doguwar rigata, in tafi kantin magani in yini ina miƙa wa mutane ƙwayoyi, in dawo. In ana dariya sai in buɗe baki. In ana kuka sai in nemi wurin zama.

Mu uku Umma ta bari a gidan, ni da Baba da magenta Toka. Toka mage ce mai ruwan toka da gashi buzu-buzu, tana zubar da shi kamar an ba ta kwangila. A kujera gashi, a labule gashi, ka ɗauko baƙin mayafi daga cikin durowa a rufe ka tarar ta riga ka. Shekara tara tana gidan, Baba bai taɓa kiran sunanta ba. "Abin nan" yake ce mata. "A fitar mini da abin nan daga falo." Ɗakinsa kuwa ko Umma ba ta isa ta shiga da ita ba, kowa a danginmu ya san wannan doka.

Bayan rasuwar, asmar Baba ta tashi ta ƙi kwanciya. Likita ya tambaya ko akwai dabba a gidan. Ranar da yamma Yaya, babban wana da ke zaune da iyalinsa a ɗaya gefen gari, ya zo ko zama bai yi ba.

"Auta, ba shawara na zo nema ba. Mage ko numfashin tsoho, wanne?"

"Ta Umma ce fa, Yaya."

"Umma ta tafi, Allah ya jiƙanta. Baba ne ya rage mana."

Baba yana kan kujerarsa, tabarau a kan hanci, jarida ta rufe masa rabin fuska. Daga bayan jaridar ya ce, "Ni tun yaushe nake cewa a fitar da abin nan."

Na kalli Toka, tana kwance a kan kafet tana lasar ƙafa. Ban yi kuka ba, ban yi roƙo ba. Abu ɗaya dai na sani, in na buɗe ƙofa da yamma ba ta zo ta goga mini kai a ƙafa ba, to babu sauran abin da ke taɓa ni a gidan nan.

A nan Injiniya ya shigo maganar. Ga waɗanda suka zo a makare, ba wani injiniyan ofis ba ne, Gwaggo ƙanwar Baba ce ta laƙaba masa sunan don ya yi daɗin faɗa a cikin dangi. Gyaran injin wanki da fanka yake yi a wani shago kusa da mahaɗar titi. Ni a wayata "Mai injin wanki" na rubuta, har yau ban canza ba. Farkon zuwansa gidanmu injinmu ne ya toshe. Ya zaro wani curin gashin Toka daga cikin bututu, maimakon ya yar, sai ya tsaya yana juya shi a tafin hannu.

"Kin san gidaje nawa ke fama da wannan?" ya ce.

Na ce ban sani ba, ban kuma damu in sani ba. Bayan kwana uku ya dawo, wai ya zo duba ko injin yana aiki. Injin lafiyarsa ƙalau, shi ma ya sani.

Sauran samari turare suke kawowa, shi zane yake kawowa. Ya shimfiɗa takarda a kan teburin falo, ya danne gefe da kofin shayi, ya yi ta bayani. Wai na'urorin shara da ake sayarwa makafi ne, su bi gida kusurwa-kusurwa ba su san inda dattin yake ba. Tasa kuwa sawun dabbar za ta bi. Za a ɗaura wa mage ko kare wani ɗan maɓalli a wuya, shi zai riƙa gaya wa na'urar inda dabbar ta kwanta. Da ta tashi, na'urar ta je ta zuƙe gashin kafin iska ta ɗauke shi. Masu gida suna wurin aiki, su dawo su tarar da gida fes. Ba sayarwa zai yi ba, haya zai riƙa bayarwa, duk mako ya zagaya ya canza jakar datti. Ya riga ya haɗa guda ɗaya. Matsalarsa kawai ba shi da mage, da gashin da yake sharowa daga shagon mai askin da ke maƙwabtaka da shi yake gwaji.

"Gashin mutum ba ya tashi daga inda aka ajiye shi," ya ce, fuskarsa cike da damuwa. "Ina buƙatar gashi mai ƙafa."

Shi ya tari Yaya. Ya sa riga mai guga, ya wanke baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa, ya roƙi wata ɗaya. In ƙirjin Baba ya yi sauƙi, Toka ta zauna. In bai yi ba, shi da kansa zai nemo kwandon da za a ɗauke ta. Yaya ya kalle shi sama da ƙasa, ya kalle ni, ya ce wata ɗaya, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba.

Na'urar zagayayyiya ce kamar murfin tukunya, da ƙananan tayoyi a ƙasa da koriyar fitila a goshi. Gwaggo na ganinta ta sa mata suna Kunkuru. Ranar Lahadi aka fara, kowa yana gida, ta yi aiki abin sha'awa. Toka ta tashi daga kafet, Kunkuru ta tako a hankali ta zuƙe wurin. Toka ta koma bakin ƙofar kicin, Kunkuru ta jira ta. Gwaggo har da tafi. Baba ya ce, "Aikin banza," ya shige ɗaki.

Litinin na dawo ƙarfe biyar na tarar da Kunkuru a ƙofar ɗakin Baba, ta kafa goshi a jikin katako, fitila a mace, caji ya ƙare. Toka tana falo tana wanke fuska. Talata haka. Laraba haka.

"Wannan abin naku ya ishe ni da ƙwanƙwasa ƙofa," in ji Baba. "Ku gaya wa yaron nan ya gyara ko ya kwashe."

Injiniya ya kwance ta sau uku. Ya canza maɓallin wuya, ya canza batir, ya canza wani abu da ban riƙe sunansa ba. Yana da ɗan ƙaramin sikeli da yake auna gashin kowace rana, ya rubuta a littafi. Asabar da Lahadi jakar ta cika, sauran ranaku kusan babu komai. Ya zauna a ƙasan falonmu, ƙusoshi a baje a kan hankicinsa, yana dafe kai. Mu biyun ba wanda ya kawo komai a ransa. Shekara tara muna jin Baba yana cewa abin nan, don haka muka yarda da Baba muka ƙaryata na'ura.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo mini da yaduka uku a leda, ta zube su a kan gadona, ɗaya ruwan zuma, ɗaya shuɗi mai ƙananan furanni, ɗaya fari sol.

"Zaɓi."

"Na mene ne, Gwaggo?"

"Na ranar tambayar aurenki ne. Yaron nan sau uku yana kwance Kunkuru a tsakar falonku, gwiwar wandonsa duk ta koɗe. Kina ganin don Allah yake yi?"

"Don mage yake yi."

"Mage ce ke sa namiji wanke farce? Ke dai ki ci gaba. Ya tambaye ki tun watan jiya, kin ce za ki yi tunani. Tunanin nan dafa shi ake yi?"

Na ɗauki shuɗin don ta bar ni in kwanta. Ku gane, ba ƙin sa nake yi ba. Mutumin kirki ne, ba ya ƙarya, in yana dariya har kunnensa motsi yake. Ina duba zuciyata ne in ga ko akwai wani abu game da shi, sai in tarar ba komai, kamar yadda ba komai game da kowa. Ban ga dalilin da zan ɗauki wannan babun in kai gidan bawan Allah ba.

Shi kuwa Baba, in Yaya ya kira a waya sai ya gyara murya ya ce, "Da sauƙi, da sauƙi sosai." Amma a cikin mako uku sau biyu yana ce mini in taho masa da maganin shaƙa, wai ya manta inda ya ajiye na baya. Ni da nake sayar da maganin nan kullum, na san ɗaya ya kamata ya kai shi fiye da wata. Na kawo, ban yi tambaya ba.

Ranar Alhamis ta mako na uku, wajen sha ɗaya na safe, ina kan kanta saƙo ya shigo.

"Kina da minti biyu?"

"Ina aiki."

"Na'urar ba ta lalace ba. Ni ne na ƙi yarda da ita."

"Ban gane ba."

Ya turo hoton taswirar gidanmu daga wayarsa. Ga falo, ga kicin, ga ɗakina. A cikin murabba'in ɗakin Baba akwai jan ɗigo.

"Wannan maɓallin wuyan Toka ne, yanzu haka. Na duba na baya. Ban da Asabar da Lahadi, kullum daga takwas da rabi zuwa huɗu da rabi a nan take. Na ɗauka kuskure ne shi ya sa nake ta canza kaya. Ki yi haƙuri."

Na ce wa mai kantin zan je in dawo. Ban shiga ta ƙofar falo ba, na zagaya ta gefen da muke shanya, inda tagar ɗakin Baba take. Labulen bai rufu duka ba.

Baba yana zaune a gefen gadon da Umma ke kwana, da singileti, ba hula. Toka tana kan cinyarsa ta miƙe ƙafafu. Matajin Umma ne a hannunsa, mai ruwan hoda wanda haƙori biyu suka karye, yana taje mata baya a hankali.

"Yau ma ba ta ci komai ba 'yar taki," yake cewa. "Shayi ta kurɓa ta fita. Ta rame, ba ta magana. Ni kuma kin san ban iya irin wannan ba, ke kika iya."

Ban san da wa yake ba, da Toka ko da Umma. Ya tsaya, ƙirjinsa yana fito, ya laluba maganin shaƙa a ƙarƙashin filo ya zuƙa sau biyu. Ya jira numfashin ya dawo. Sannan ya cire gashin da ya taru a mataji, ya cusa a wata 'yar leda, ya ƙulle, ya ci gaba da labari. Wai kuɗin wuta ya zo, wai maƙwabci ya sare bishiyar da ke ba mu inuwa.

Na tsaya ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Abin da na lura da shi kawai shi ne igiyar shanyarmu ta saki, tana bukatar ɗauri. Na koma kanti na sayar wa wata mata maganin tari.

Da na tashi aiki na bi ta shagon Injiniya. Yana tsugune a bayan wani injin wanki, ya miƙe yana goge hannu a tsumma.

"Kada ka gaya wa Yaya," na ce.

"Kin gani da idonki ke nan."

"Baba yana cewa da sauƙi. In ka yi shiru, Yaya zai bar ta. Kai ma ka samu shaida, ka ce na'urarka ta warkar da mai asma. Ba abin da kake nema ke nan ba?"

Ya kalli tsumman hannunsa.

"Ba ta warkar da kowa ba, ƙofa ma ba ta iya buɗewa. In na kai ta gidan wani da wannan shaidar, ɗan wani ne zai kwanta asibiti." Ya ɗago. "Ba ni zan fara magana ba, Auta, gidanku ne. Amma in an tambaye ni ba zan yi ƙarya ba, ko da a kanki ne."

Na ce to, na juya. Ya biyo ni har bakin titi, ya tare mini mota, ya koma.

Kwana tara na yi da maganar a baki. Kullum da safe in ɗauki jaka, in ce Baba na tafi, in ja ƙofa, na kuma san abin da zai faru da zarar ƙarar takalmina ta ɓace. Ranar Juma'a ina gyara masa gado na girgiza maganin da na kawo masa kwana goma da suka wuce. Babu komai a ciki.

Asabar da la'asar wata ya cika. Yaya ya zo da kwando mai murfi ya ajiye a bakin ƙofa. Gwaggo ta zo da mayafinta na fita unguwa, kamar an gayyace ta. Injiniya ya zauna a bakin kujera da littafinsa a kan gwiwa. Baba ya fito da farar riga mai guga da hula, har da turare. Na ji ƙarar zuƙa biyu daga ɗakinsa kafin ya buɗe ƙofa.

"To Baba, yaya ƙirjin?" in ji Yaya.

"Garau. Abin yaron nan yana aiki." Ya buɗe jarida. "Ni ba son abin nan nake ba, kun sani. Amma tunda yarinya ta ƙwallafa rai, a bar mata."

Yaya ya saki fuska. Ya juya wurin Injiniya. "Kai ma ka gamsu? Komai ya tafi daidai?"

Injiniya ya juyo, ni ya kalla. Falon ya yi tsit, a cikin shirun nan kuma ina jin ɗan siririn fiton da ke fita daga bayan jaridar, wanda Baba ke ƙoƙarin dannewa da gyaran murya. Toka tana kwance a kan ƙafata, ɗuminta yana ratsa safata. In na yi shiru na minti ɗaya, tawa ce.

"A ɗakin Baba take yini," na ce.

Muryata ta fito kamar ina karanta wa mai saye yadda ake shan magani. Na faɗi awannin, na faɗi matajin, na faɗi ledar gashi, na faɗi magani uku a wata ɗaya. Abin da na ji yana gaya mata ne kawai ban faɗa ba.

"Baba?" in ji Yaya a hankali. "Haka ne?"

Baba ya ninke jaridar gida huɗu, ya ajiye a hannun kujera. Bai kalli Yaya ba, bai kalle ni ba. Gwaggo, wadda ba a taɓa rasa magana a bakinta ba, ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta.

Injiniya ne ya ce in an yarda shi zai riƙe ta, yana da ɗaki a bayan shago, da taga mai samun rana. Yaya ya ɗaga kai alamar to. Ni na ɗauke ta na sa a kwandon, ba ta yi gardama ba. Ina ɗaure murfin sai Baba ya yi magana, Injiniya yake kallo.

"Ba ta shan ruwan da ya kwana. In za ka taje ta, daga wuya ake farawa, kada ka taɓa cikin, tana cizo. In ta yi kuka da rana ba yunwa ba ce, magana take so a yi mata. Toka sunanta."

"To, Baba. In sha Allah."

Ya dafa hannun kujera ya miƙe. Sai a lokacin ya juyo gare ni, ba faɗa a fuskarsa, ba komai.

"Gara ke ma ki amsa masa, Auta. In za a kwashe, a kwashe gaba ɗaya."

Gwaggo ta ɗauki wannan a matsayin izini, kafin magariba ta kira dangi biyar. Ni na san ba izini ba ne, ban kuma san yadda zan yi mata bayani ba.

Yau kwana biyar. Na wanke labulen ɗakin Baba, na shanya katifa, na goge ko'ina da jiƙaƙƙen tsumma. Ɗazu da safe Mai injin wanki ya turo saƙo: "Ta fara cin abinci kaɗan. Ba na matsa miki a kan ɗaya maganar, amma Gwaggo ta ce gobe in turo manyana. In turo, ko in ce su dakata?" Na karanta sau uku, na sa wayar a aljihun farar rigata, har yanzu ban ba shi amsa ba.

Da na dawo da yamma na tarar da Baba a falo, a zaune, hannuwansa a kan cinya. Na gaishe shi ya ɗaga kai. Na kawo shayi ya karɓa. Na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa ina saurare, kamar yadda aikina ya koya mini. Numfashinsa ya daidaita, tun shekaranjiya ko tari ɗaya ban ji ba. Maganarsa ma ban ji ba.